Maɓallin Baki

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da abokan aikinki da turakun sadarwar da kuke kafawa a bayan duwatsu. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Uwargida ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa a tsaye. Bayana kuwa yana nan yadda kika bar shi: in na zauna ya ce in tashi, in na tashi ya ce wa ya aike ni.

Na ɗauki biro ne don in yaba wa akwatin ajiyar hotuna da muryoyin nan da kika girka mana a falo, a ƙasan talabijin. Shekara talatin ina sayar da makullai da kwado, ban taɓa ganin ma'aji irinsa ba. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya neman hutu, ba ya kai gulma gidan maƙwabta. Amanarsa ta kai matsayin da yanzu ni mai kayan ma ya hana ni gani. Kwado mafi tsada a shagona, in ka kawo masa makullinsa yana jin kunya ya buɗe. Naki ya wuce wannan ajin. Kwana huɗu ke nan ina tsaye a ƙofarsa da kalmar sirri a hannuna, ko kallona bai yi ba.

Ga yadda aka yi. Ranar Alhamis da safe na buɗe tsohuwar kwamfutar da kika bar mini, sai ga saƙo daga akwatin, wai an fito da sabuwar manhaja mai ƙarin tsaro da sauri. Ni na san abin da ɗan kasuwa ke nufi in ya ce maka sabon shigowa ne, amma ke kika ce in ya nemi sabuntawa kada in hana shi. Na danna. Layin ya kama tafiya kamar mai hankali, kashi goma, talatin, hamsin. Ya kai sittin da biyu ya ja birki. Har yanzu da nake rubutun nan yana sittin da biyu. Ba a ɗauke wuta ba, kada ki ɗauki alhakin masu wuta. Fitilar gaba da ta saba zama kore ta koma ruwan lemo tana ƙyafta mini ido. Fanka na juyawa. Wannan ƙas-ƙas ɗin da ya fara yi tun watan jiya, da nake ce wa baƙi alamar ƙwazo ce, ya ƙaru.

Hotuna da takardun gida ba su dame ni ba. Fuskokin nan na gaji da ganinsu. Muryar Tsohuwa ce damuwata. Tun da mahaifiyata ta rasu, wata biyar ke nan, kullum kafin in fita shago sai na kunna ɗaya daga cikin hirarrakin nan da kika ɗauka da ita. Ina shan shayi, tana magana. Uwargida ta ce ni kaɗai ne mutumin da ta sani da ke karyawa da faɗan uwarsa. Kwana huɗu falon shiru, shayin ma ya daina ɗanɗano.

Maƙwabcina na kasuwa, Mai Batir, ya ce in zare wayar daga bango in mayar, wai haka yake yi wa komai ya warke. Na ce masa shi ya sa komai nasa yake ɗingishi.

Na san kira ba ya shiga inda kike. Mai kai wa jama'a sabis ita ce ba ta da sabis, wannan ma abin yabo ne. Zan ɗauki hoton takardar nan in turo, in kin hau tudu ta same ki. Ki faɗa mini abin da zan taɓa da abin da zan bari.

Kawunki,
Mai Makullai


Laraba, 5 ga wata

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, Allah ya kara wa Mama sauki, kai ma ya sassauta maka bayan. Ka yi hakuri, da kwamfutar wurin aiki nake rubutu, ba ta da haruffanmu masu kugiya, kuma minti biyar aka ba ni kafin mota ta tashi.

Kada ka bi ta Mai Batir. Ka danna maballin baki, ka rike shi kamar dakika goma har ya yi shiru. Ka bar shi ya huce, sannan ka sake kunnawa. Sau da yawa in sabuntawa ta makale, da kansa yake komawa tsohuwar manhaja.

Muryar Tsohuwa kuwa ka kwantar da hankalinka. Faifai biyu na sa a ciki, daya madubin daya ne, duk abin da ke wannan yana wancan. Ko daya ya mutu, dayan na nan.

Za mu shiga kwari yau, watakila a dade ba a ji ni ba.

'Yarka


Juma'a, 7 ga wata

'Yata,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, mun gode. Uwargida na amsawa. Lafiyarmu ƙalau, sai dai akwatin, shi kuma ya warke warkewar da ta fi ciwon.

Da na ga rubutunki tsirara babu ƙugiya ko ɗaya, ban yi ƙasa a gwiwa ba. Ajin da na zauna a makaranta ba ɗumama benci na je yi ba. Na kwafe wasiƙar a takarda, na bi ta da biro ina sa wa kowane harafi hularsa. Kara ta zama ƙara, sauki ya zama sauƙi, daya ya zama ɗaya, makale ta maƙale yadda ya kamata. Da na zo kan kwari na tsaya na yi tunani, na ce injiniya guda ba za ta shiga ƙwari ba, na bar miki shi yadda yake. Kin ga ba da ka nake aiki ba. Da na zo kan baki kuwa ban ɓata lokaci ba. Akwati ba shi da baki. Na sa masa ƙugiya ya zama baƙi.

Na duba gaban akwatin, maɓallin da ke nan ruwan toka ne. Na juya shi, na kakkaɓe ƙura, na haska fitilar waya, sai ga wani ɗan mitsitsin maɓalli baƙi wuluk a cikin rami, kusa da inda wayar intanet ke shiga. Na ce lallai kai ne. Ko a shago, kaya mai daraja ba a gaban kanta ake baje shi ba. Yatsa ba ya shiga, sai na miƙe zoben makulli na zura. Na ƙirga goma, ya yi ƙara sau ɗaya, amma bai yi shiru ba kamar yadda kika ce. Na ce wataƙila gomana ta yi sauri, gomar ɗan kasuwa ce. Na sake dannawa na riƙe. Ya yi ƙara sau uku.

Daga nan ya kama aiki. Wuni guda yana gurnani, ƙas-ƙas ɗin nan kamar ana yankan makulli a cikinsa. Jiya da la'asar na buɗe kwamfuta, sai ga shi yana yi mini maraba. Wai barka da zuwa, wai yana farin cikin haɗuwa da sabon mai shi. Wata takwas muna falo ɗaya da shi, yau ya zama bai san ni ba. Na taɓa ganin irin wannan a wurin mutane, ban san har akwatuna sun koya ba.

A ƙasan marabar akwai rubutu ƙanana. Na sa tabarau. Yana cewa zai shirya kansa sabo fil, kuma duk abin da ke cikin faifai zai goge. Maɓalli ɗaya tak ya ba ni, na amincewa, babba, shuɗi, mai kyan gani.

Ban danna ba. In mutum ya cika yi maka maraba, kuma ya nuna maka ƙofa ɗaya kawai, sai ka tsaya a waje ka gyara hula. Mai Batir ya zo har gida ya leƙa, ya ce kowa dannawa yake yi ba ya karantawa, ga shi duniya ba ta tashi ba. Na ba shi shayi na raka shi ƙofa.

Ga hoton allon nan na haɗo miki. Na bar komai a kunne yadda yake, don ban san ko kashewa za ta ƙara ɓata abin ba. Tunda kin ce akwai madubi, hankalina a kwance yake. Kusan a kwance.

Kawunki


Lahadi, 16 ga wata

'Yata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina fata kwarin nan yana da ƙofar fita.

Kwana tara ke nan. Shirunki na karanta shi ta hanya uku, kamar yadda na karanta wasiƙarki, kuma ban san inda zan sa masa ƙugiya ba. Ko babu sabis, ko kin yi fushi, ko kin ga hoton kin gane abin ya wuce gyara, kina neman bakin da za ki faɗa mini. Da safe ina zaɓar na farko. In na dawo daga shago na tarar da allon nan yana yi mini maraba, sai in koma na uku.

Uwargida ta yafa wa kwamfutar mayafi, wai kada hannuna ya zame kan shuɗin maɓallin. Ta san mijinta.

Wani abu ya faru shekaranjiya. Ina yanka wa wata mata makulli, sai na so in tuna yadda Tsohuwa take kirana. Kin san ba ta taɓa kama sunana ba, Mai-Baki take ce mini tun ina rarrafe. Kalmar na tuna. Amma yadda take jan ta, inda take ɗaga murya da inda take sauke ta, na nema na rasa. Na tsaya da makulli a inji har na cinye masa haƙori guda. Matar ta ce, Malam lafiya? Na ce injin ne ya tsufa.

Ban taɓa komai ba. Ƙas-ƙas ɗin ya ragu, yanzu jifa-jifa yake yi. Ban sani ba ko sauƙi ne, ko gajiya.

In kin fito ki fara da ni.

Kawunki


Talata, 18 ga wata

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida Mama. Lafiyata lau, sai kunar rana. Jiya muka fito, wasiƙunka biyu suka shigo tare. Na farko ne, Kawu, babu sabis. Ban yi fushi ba. Wannan karon da hannu na rubuta, kuma kowace ƙugiya na zana ta yadda makaho zai shafa ya ji.

Kafin ka karanta sauran, ka tashi ka kashe akwatin. Maɓallin gaba, mai ruwan toka, ka riƙe shi har fanka ta tsaya. Shi nake nufi tun farko. Baki na rubuta, baki nake nufi, bakin akwatin, wajen ƙofofin da faifai ke shiga. Laifina ne. Na ce maka babu ƙugiya, sannan na bar maka kalmar da ke da fuska biyu. Da na ce na gaba, da duk wannan bai faru ba. Baƙin maɓallin da ka danna na mayar da akwati yadda ya fito daga kamfani ne. Shi ya sa ya manta ka.

Abin da ka yi daidai shi ne ƙin amincewa. Kada ka danna, kada Mai Batir ya danna, mayafin Mama ya zauna inda yake.

Ƙas-ƙas ɗin ba ƙwazo ba ne. Kukan faifai ne in ya fara mutuwa. Ina jin shi ya sa sabuntawar ta tsaya: ta zo rubutu a inda ya lalace, ta kasa wucewa. Da na karanta wasiƙarka ta farko a natse, da tun ranar na gane. Kwanakin nan da ya yi a kunne ba su taimake shi ba, ba zan ɓoye maka ba.

Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. In faifai ɗaya ya yi ciwo, ɗan'uwansa ke ɗaukar aikin, sabuntawar ta wuce, akwatin ya yi ƙara ya sanar da kai. Don haka na sa biyu. Na buɗe hoton da ka turo na ƙara masa girma. A gefen hagu, ƙasan marabar, ya lissafa abin da ya gani a cikinsa. Gurbi na ɗaya, faifai. Gurbi na biyu, babu komai.

Na tuna kuma a wasiƙarka ka ce hankalinka kusan a kwance yake. Na san ka, Kawu. Ba ka sa kalma a takarda don ado.

Ina faifai na biyu?

'Yarka


Laraba, 19 ga wata

'Yata Injiniya,

Assalamu alaikum. Lafiya lau. An kashe akwati, fanka ta tsaya, falon ya ƙara shiru.

Tambayarki gajera ce, amsarta na buƙatar shimfiɗa, ki yi haƙuri.

Duk wanda ya sayi kwado a wurina, makulli biyu nake ba shi a zobe ɗaya. Kafin ya bar shagon sai na ce ya raba su a gabana. Ɗaya a aljihu, ɗaya a wani gida daban. Wanda ya bar safaya a zobe ɗaya da na aiki ba shi da safaya, nauyi kawai ya ƙara wa aljihunsa. Rabin masu zuwa in fasa musu ƙofa, da makullai biyu suka ɓatar a tare.

To, ranar da kika girka akwatin kika ce ɗaya madubin ɗaya ne, na yi shiru don akwai mutane. Amma na kwana da abin. Na aiki da safaya a akwati ɗaya, a falo ɗaya, a wayar wuta ɗaya? In ɓarawo ya shigo, ko ruwa ya zubo daga silin fa? Kwana takwas bayan tafiyarki na kashe shi, ni ba jahili ba ne, na buɗe ƙofa ta biyu na zaro faifan. Da na kunna ya yi ta kuka kamar an ƙwace masa nono. Na lalubo inda ake rufe masa baki, na rufe. Fitilar gurbi na biyu ta yi ja, na liƙa mata ɗan tef. Tun ranar muke zaman lafiya.

Faifan yana shago, a cikin akwatin ƙarfe, naɗe cikin sabuwar safa, kusa da makullan gidajen mutane da suka ba ni ajiya. Ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Ban faɗa miki ba don na san za ki yi mini lacca, kuma na ɗauka duk ranar da aka buƙaci safaya sai in fito da ita a yi mini tafi.

Abin da ban lissafa ba sai jiya, da na karanta takardarki sau uku. Makulli in an yanka shi ya yanku. Shi wannan kullum ƙaruwa yake yi. Bayan tafiyarki na ɗauki Tsohuwa da wayata sau bakwai, a watanninta na ƙarshe. Wayar ta tura wa akwatin kamar yadda kika saita, ni kuma na share na wayar don ta samu wurin numfashi. Waɗannan bakwai ɗin madubi bai taɓa ganinsu ba.

Ki faɗi abin da za ki faɗa. Na gyara zama.

Kawunki


Alhamis, 20 ga wata

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Na karanta wasiƙarka a tsaye, na zauna na sake karantawa. Abokiyar aikina ta tambaye ni ko dariya nake yi ko kuka, na ce ta jira in gama in gani.

Babu lacca. Abin da ka yi shi ya kwantar da akwatin, kuma shi kaɗai ne zai iya tashe shi. Maganar safaya gaskiyarka ce, ya kamata a ce akwai kwafi na uku a wani gida, ni ce ban yi ba. Kuskurenka ɗaya, ka ɗauke wanda ke bakin aiki.

Ka ɗauko faifan a hankali, kada ya bugu. Akwatin yana kashe, ka zare mai ciwon, ka rubuta masa lamba ɗaya a jiki, ka naɗe shi a safar. Ka sa na shagon shi kaɗai, ka kunna ta maɓallin gaba. In ya gane shi, zai ba ka zaɓi biyu: farawa sabo, ko dawo da abin da ke kan faifai. Na biyun. In maɓalli ɗaya ya sake ba ka, ka kashe ka jira ni. In ya buɗe, kada ka yarda da wata sabuntawa. Ka sayi faifan waje mai igiya, ka kwafe komai a kai tukuna.

Bakwai ɗin nan, ba zan yi maka alkawari ba. In na zo zan gwada karanta mai ciwon da kayan aiki. Wani lokaci ana samu, wani lokaci ba a samu.

Abu na ƙarshe. In ka gama kwafa, ka saurari hirarrakin ɗaya bayan ɗaya, kowacce har ƙarshe, don mu tabbata babu wadda ta yanke.

'Yarka


Laraba, 26 ga wata

Assalamu alaikum.

Ban rubuta 'yata a sama ba, za ki ga dalili. Muna lafiya. Uwargida ta karɓi mayafinta.

Na bi takardarki layi-layi, ban ƙara ko ɗigo ba. Ya ba ni zaɓi biyu. Na ɗauki na biyu, na fita tsakar gida don kada in tsaya masa a kai. Da na dawo fitilar ta zama kore. Ya tambaye ni kalmar sirri kamar ba shi ba ne ya yi mini maraba irin ta baƙo. Na ba shi, ya buɗe. Ko minti biyar ba a yi ba ya ce akwai sabuwar manhaja. Na ce masa ya gaida gida.

Hirarrakin da kika ɗauka arba'in da ɗaya ne, duk suna nan. Na kwafe su a faifan waje, shi ne yanzu ya gaji wurin safaya a shago. Na fara da wadda take ba ki labarin ranar da na kulle kaina a banɗaki ina ɗan shekara shida. Tana buɗe baki ta ce Mai-Baki. A farkon take sauke murya, a ƙarshen take ɗagawa, kamar tambaya. Ni na yi ta nemansa a juye. Uwargida ta leƙo daga kicin, ta kalle ni, ta koma ba tare da ta yi mini faɗa ba. Rabon da ta yi haka tun muna sabon aure.

Bakwai ɗin suna cikin safa. Na saki raina da su, in kin samo su riba ce. Ta ƙarshe dai na riƙe ta a ka, don gajera ce. Na ce, Tsohuwa, ki faɗi abin da kike so a tuna. Ta ce, a tuna cewa ɗana mai sayar da kwado ne, kuma ƙofar kicin ɗinsa shekara huɗu da ƙusa ake tare ta. Shi ke nan, ta juya ta yi barci. Jiya na sa wa ƙofar kwado, mafi kyau a shagon.

Yanzu ga maganar da ta hana ni rubuta 'yata a sama. Akwai hira guda mai minti hamsin da takwas, kin sa mata suna Dangi. Ban taɓa kunna ta ba. Wa zai karya da wane ya haifi wane? Amma an ce har ƙarshe, na zauna. Ni dai na taso na san mahaifinki ɗan'uwanmu ne ta can wani wuri, na ga na girme ki da shekara ashirin da biyar, na ce ki kira ni Kawu, kika kira. A minti na arba'in da ɗaya Tsohuwa ta zo kanki. Ta ce kakanta da kakanki wa da ƙane ne, uba ɗaya, naki shi ne autan da aka haifa bayan an gama tsufa. Ta ce, don haka ke ƙanwata ce, Mai-Baki ɗanki ne, shi ya kamata ya fara gaishe ki.

Na mayar baya sau uku ko faifan ne ya yi tsalle. Bai yi ba. Sai ma na ji abin da ke biye. Wata murya da na sani tana dariya, tana cewa, don Allah Tsohuwa kada ki faɗa wa Kawu. Tsohuwa kuma ta ce, bar shi a nan, ba zai taɓa ji ba, yaron nan ba ya sauraron abin da ya wuce minti biyar.

Wata takwas ke nan kina sa hannu 'yarka, ni kuma ina ba ki umarni. Na ba Mai Batir labari, yanzu in na wuce sai ya ce in gaida sabuwar mamata. Wannan ita ce muryar da muka kwashe mako uku muna ceto, kuma ba ni da inda zan kai ƙara, mai shari'ar ta riga ta tashi.

To, ina gaisuwa, Inna. Allah ya ƙara girma, ya fito da ke daga kwari da ƙwari lafiya. Tambaya ɗaya ɗanki ke da ita, a amsa da hannu, a sa ƙugiya. Da aka ce in saurari kowacce har ƙarshe, lafiyar faifan ake dubawa, ko gaisuwar ce aka gaji da jira?